Ƙetaren Gada: Tukunya, Jarka da Kwalba

A da akwai ranakun da iska ke kaɗowa daga wajen kamfanin giya na Kakuri, unguwa duka ta ɗauki ƙamshin dafaffen hatsi, mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi a hanci. Baƙo yakan tsaya ya tambaya ko gidan burodi ne a kusa. Mu da aka haifa a nan ba ma tambaya. Mun san wannan na kamfani ne. Mun san ya sha bamban da tsamin da ke tasowa da asuba daga bayan wasu gidaje na Nasarawa da Television, inda ake dafa burukutu, kuma dukansu biyun ba su yi kama da wani wari mai kaifi, mai sa ido ruwa, da ke bin wasu tsofaffin masu gadi idan sun tashi aiki da safe ba. Ɗaya daga gona ya fito, ɗaya daga bakin teku, ɗaya daga injin Bature, suka haɗu a kudancin kogin Kaduna. Ni Musulmi ne, ɗan ma'aikacin masaƙa, ko ɗaya bai taɓa shiga bakina ba. Amma a gidan haya na tashi, irin mai ɗakuna a jere da murhu a tsakar gida, inda ba yadda za a yi ka kwana ba ka san abin da maƙwabcinka ya ɗora a wuta ba. Wanda duk ya ba da tarihin unguwarmu ya tsallake wannan babi don kunya, rabin labari ya bayar.

Tukunya ta riga kowa zuwa. Tun kafin Gwamna Lugga ya zaɓi wannan wuri, a kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Gbagyi ke noma bakin kogin, kuma suna dafa giyar dawa. A wurinsu, da wurin Adara da Bajju da Atyap da Ham da sauran mutanen kudancin lardin Zazzau, har da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, giya ba hajar kasuwa ba ce tun asali. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biki da makoki, a kanta dattawa ke sasanta rikicin gona. Kuma ba ta tafiya. Kwana biyu ta yi, ta koma ruwan tsami, don haka ba wanda ya taɓa ɗora ta a jaki ya yi fatauci da ita, ba kuma ƙofar da gwamnati za ta tsaya ta karɓi kuɗin fito a kanta.

Giyar jin ta Turawa kuwa ba ta san lalacewa ba. Daga Schiedam da Rotterdam na ƙasar Holan da Hamburg ta Jamus ake loda ta, cikin kwalabe masu kusurwa huɗu, goma sha biyu a kowane koren akwati, a sauke ta a Legas da Kalaba da bakunan kogunan Neja Dalta. A can har kuɗi ta zama. Ana sayen manja da ita, a biya sadaki da ita, akwati ya yi shekaru yana yawo hannu zuwa hannu ba a buɗe shi ba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai shekarun da harajin barasa ya kai rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudu. Bishop Tugwell na mishan ɗin Angilikan ya yi ta kururuwa a kan abin, har aka naɗa kwamitin bincike a 1909, amma gwamnati ba ta saki nonon da take tsotsa ba.

Arewa kuma an zana mata layi. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Brussels a 1890 ta ce kada a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta kafu ba, musamman inda addini ya hana. Lugga ya riƙe wannan da hannu biyu, don ya yi daidai da alkawarin da ya yi wa sarakuna cewa ba zai taɓa addini ba. Sai dai ga abin da ke ba ni dariya duk lokacin da na bi ta gaban tsofaffin gine-ginen gwamnati a tsallake: babban dalilin haɗe Kudu da Arewa a 1914 shi ne Arewa ba ta iya riƙe kanta, ana so kuɗin fiton Kudu ya toshe giɓin. Wato birnin da aka gina a tsakiyar yankin da aka haramta wa jin, akwai kuɗin jin a cikin tubalinsa.

Dokar ma da ƙofofinta. Bature na sha a kulob ɗinsa. Akawu ɗan Legas ko ɗan Saliyo ko ɗan Gwalkwas na iya neman takardar izini. Ɗan ƙasa ne kawai aka ce a'a. To, a gefenmu na kogi aka kafa Kaduna Junction, mahaɗar da layin dogo na Legas zuwa Kano ya gamu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan kafin ƙarshen shekarun 1920. Maƙera a gindin wannan tasha ta girma. Duk abin da ke hawowa daga bakin teku, a nan yake fara sauke numfashi, kuma ba kowane kaya ne ke cikin takardar mai tasha ba. Direban jirgi da mai zuba gawayi da mai duba tikiti, kowa na da akwatinsa.

Ogogoro ɗiyar tsada ce. Bayan yarjejeniyar 1919 ta hana shigo da jin mai araha, aka yi ta ɗaga haraji a kan wadda ta rage, sannan kasuwar duniya ta faɗi a 1929, kuɗin manja da kwara ya zube. Wajen 1931 sai Turawa suka farga mutanen lardunan Kalaba da Owerri da Warri sun koyi yin tasu. Aikin ba shi da wuya ga mai bammi. A tara bammin tukurwa a bar shi kwanaki ya yi ƙarfi, a zuba a ganga a rufe, a hura wuta a ƙarƙashi. Tururin barasa na riga na ruwa tashi, sai a bi da shi ta bututun jan ƙarfe da aka nutsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa ya riƙa ɗiga a kwalba, fari tas. Burukutu ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na barasa ba. Wannan takan kai 30 har 60. Gwamnati ta sa mata suna haramtacciyar jin, ta cika gidajen yari da masu yin ta, ba don ta fi ta Holan illa ba sai don ba ta biyan fito. Masu sha suka sa mata nasu sunayen, kai-kai, ruwan Sapele. A Ghana 'yar'uwarta akpeteshie sai a 1962 aka halatta ta.

Wani abokin aikin mahaifina, Ba'urhobo, shi ne ya fi kowa iya bayaninta a gidanmu. Yakan ce mai kyau tana zuwa da ƙamshin bammi a bayanta da ɗan hayaƙin itacen da aka dafa ta da shi, ta ƙona maƙogwaro sau ɗaya ta wuce. Idan yana shakkar kaya sai ya ɗiga kaɗan a kan benci ya ƙyasta ashana. In ta kama da shuɗiyar wuta ya gyaɗa kai, in ta yi fus ya ce Kaduna ta sha ruwa. Gaskiyarsa. Daga rafin Sapele zuwa Kakuri jarka kan bi ta hannu huɗu ko biyar, kowane hannu kuma da ɗan ruwan da yake ƙarawa.

Abin da ya fi jan hankalina ina yaro shi ne teburin mai sayarwa. Kwalabe ne a jere, kowace cike da tarkace, ruwan ciki ya rine: wannan ja, wannan ɗorawa, wancan baƙi-baƙi. A ɗaya ɓawon maɗaci ne, a wata ganyen dogon yaro da lemon tsami, a wata tafarnuwa da citta, a wata kimba da kanumfari da wasu saiwoyi da ita kaɗai ta san sunansu. Ba wanda ke zuwa ya ce a ba shi giya. Sai dai ka ji, «Madam, ba ni na basir,» ko na ciwon baya, ko na zazzaɓi, ko na shawara. Na ga mutumin da ya shekara goma yana maganin basir kullum ƙarfe shida na safe, basir bai warke ba, shi ma bai fasa ba.

Masaƙu ne suka mai da burukutu sana'a. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo a 1962, United Nigerian Textiles a 1964, Arewa Textiles ta Japanawa a 1965. Ga masana'antar makamai ta soja tun 1964, ga Peugeot a 1975. Dubban samari suka kwararo, Tibi da Idoma da Igala da Angas da Bajju da Hausawa da Nufawa, ana aiki ba dare ba rana, jiniya na kiran wasu tana sallamar wasu. Saurayin da ya saba shan giya a gonar gayya ya zo birni ba gona ba gayya, ga albashi a aljihu. Matan da suka biyo mazajensu suka ga kasuwa.

Maƙwabciyarmu na cikinsu. Babajjiya ce, kowa na ce mata Maman Biyu, ita kuma har ta bar gidan Amarya take kiran mahaifiyata, ko da ta haifi na biyar. Na san aikinta kamar yadda na san karatun allona, don a gabanmu ake yin sa. Jar dawa take saye, ta ce ita ke ba da launi da ɗan bauri. Ta jiƙa ta kwana, ta tsame, ta baza a ƙasa mai laima a lungu, ta rufe da buhu da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai dawar ta fito da fararen saiwoyi ta manne da juna. Ta shanya tsiron a rana, ta kai inji. Garin ta dama da ruwa a randa, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye, ta dafa na ƙasa har ya yi kauri, sannan ta mayar da ruwan da ta ajiye. Sai da na girma na gane hikimar wannan: abin da ke juya gari ya koma sukari yana cikin wancan ɗanyen ruwan, wuta na kashe shi, shi ya sa take ɓoye shi daga wuta. Ita ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba, cewa kawai take yi haka uwarta ke yi.

Daga nan a bar shi ya kwana ya yi tsami. Kashegari dahuwa ta biyu, wadda ke cin itace da mutum. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta a ƙarƙashin rabin ganguna, tana juyawa da muciya mai tsawon mutum, tana kwashe kumfa, hayaƙi na dukan idonta har rana ta take. A wannan matakin ruwan zaƙi ne zalla, bai zama giya ba, 'ya'yanta kan sha da ɗumi. In ya huce ta zuba cikin tsofaffin tukwanen ƙasa waɗanda ba a taɓa wanke cikinsu da sabulu, ta ƙara ɗan ragowar ta jiya. Cikin dare sai ka ji tukunya na magana, tana ɓul-ɓul ita kaɗai. Da hantsi ta nuna.

Masu sha sun ce a rana ɗaya ɗanɗanonta kan sauya sau uku. Da safe zaƙi ne a gaba, tana da kauri, tana tsalle a ƙoƙo, ita mata da tsofaffi ke so. Da azahar zaƙi da tsami sun yi kunnen doki, ƙarfi ya shigo. Da yamma tsami ya ci gari, sai 'yan a-ba-ni-mai-zafi. Kuma ba tukunya biyu da ke fitowa iri ɗaya. Da sanyin hunturu takan yi nawa, da bazara ta yi gaggawa ta tsinke. Ruwan rijiya da na famfo ba ɗaya ba ne, itacen da aka dafa da shi ma yana barin sawunsa. Mashaya na sanin hannun kowace mace, su ce ta wance ta fi kauri, ta wance na sa ciwon kai. Matan unguwa sun raba kwanakin mako a tsakaninsu don kada su karya wa juna kasuwa. Ranar Maman Biyu benci kan cika tun kafin masu aikin dare su iso gida, bashi kuma da alli take zana shi a bango sai ranar albashi.

Mahaifiyata kunun zaƙi take kaiwa ƙofar masaƙa, kuma kunun zaƙi na son tsiro. Da farko a wajen Maman Biyu take saye, har mahaifina ya ji abin ya tsaya masa a rai ya je ya tambayi malaminsu. Malam ya ce tsiro hatsi ne, hukunci na kan abin da aka yi da shi. Duk da haka ta koma tana tsirar da nata a kwando, don bakin mutane. Ban manta wata ranar da kunu ya yi kwantai ba, Maman Biyu ta leƙa bokitin ta ce, «Amarya, ki rabar da kayan nan kafin gobe, in ba haka ba ya koma nawa.»

«Allah Ya tsare, Yaya,» in ji mahaifiyata, tana dariya. «Yara, ku kawo kofunanku.»

Ba abin da ke zubewa a sana'ar. Dusar da aka tace ta aladu ce, aladun kuma in sun girma a kai su kasuwar Katsit ta Kafanchan. Da wannan tukunya ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, na san kuma lauyoyi da malaman jami'a da hafsoshi a garin nan da hayaƙin burukutu ya yi wa kuɗin jarrabawa, ko da ba duka ke son a tuna musu ba. Ba ta tsira daga tsangwama ta ko'ina ba. Cocin ECWA, magajiyar mishan ɗin SIM, ta hana mabiyanta sha da dafawa. Katolika ba su tsananta haka ba, shi ya sa za ka tarar yawancin masu dafawa can suke zuwa. Ta ɓangarenmu, dokar Penal Code ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa shan barasa laifi ne ga Musulmi. Ba kuma zan yi wa sana'ar kwalliya ba. Na ga albashin wata ya ƙare a bangon alli, na ji kukan matan da mazansu suka dawo da duka maimakon cefane. Ita kanta takan kori wanda ya wuce kima, ta ce, «Baba, tashi ka tafi gida, ba a tukunyata za ka mutu ba.»

Kwalba ta zo da takalmi da taye. Nigerian Breweries, wanda ya fitar da Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe na Aba a 1957, sannan na Kakuri a 1963. Ita ce giyar akawu da fomen, mai sanyi, mai ɗanɗano ɗaya jiya da yau. Ma'aikata suna da lissafinsu: ranar albashi kwalba, tsakiyar wata ƙoƙo, in wata ya yi nisa sai ɗan ƙaramin kofin ogogoro, wanda da kuɗi kaɗan yake kai mutum inda yake son zuwa. Mu kuma rabonmu daga kamfanin shi ne Maltina, da ta fito a 1976 ta zama abin tarbar baƙo a gidan malam da na fasto.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi kamfanoni ke aiki. Dole suka juyo kan dawa da masara. Irin SK5912, gajerar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ya zama abin nema, masana suka duƙufa kan yadda za a tsirar da dawa a juya garinta ya koma sukari, matsalar da matan Nasarawa suka daɗe da warwarewa a randa. Dillalan kamfanoni suka shiga kasuwannin hatsi da manyan motoci suna neman kaura da farafara. Maman Biyu ba ta ji daɗin wannan girmamawa da aka yi wa dawa ba ko kaɗan, mudu ne ya tashi. Yau a Kudenda, inda Nigerian Breweries ya karɓi wani kamfanin a 2011, har da wurin tsirar da dawa na zamani.

Sai 21 ga Fabrairun 2000. Rikicin Shari'a ya ci rayuka fiye da dubu, ya sake tashi a watan Mayu, aka ƙara da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Musulmi da dama suka haura arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro, Sabon Tasha da Unguwar Romi da Narayi da Gonin Gora suka kumbura. Mu muka tsaya a Kakuri Hausa, Maman Biyu ta kwashe tukwanenta ta yi Romi, gidan hayarmu ya koma na addini ɗaya. Layin da Turawa suka zana a taswira tsakanin masu sha da marasa sha ya taso daga can ƙasan Neja da Binuwai ya kwanta a kan gadar Kaduna. Mashaya suka tattaru a kudu. Ko da yake, in ka tsaya bakin gada bayan isha'i ka ƙirga motocin da ke gangarowa Barnawa, ba dukansu ne na mazauna Barnawa ba. A bar kaza cikin gashinta.

Masaƙun ma suka bi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles a 2007, jiniya ta yi shiru. Mutumin da ba shi da ranar albashi ba a zana masa bashi da alli. Abin da ya cike gurbin shi ne jin ta leda, 'yar mitsitsiya, da ake ratayewa a kowace tasha da kowane kes, barasar masana'anta da aka sirka da ruwa aka ɗiga mata ƙamshi. Ba ta buƙatar benci ko abokin hira, ɗan acaɓa na iya tsotse ta a kan babur, ɗan makaranta na iya sa ta a aljihu. A ganina ita ce mafi sharrin duk abin da ya taɓa ƙetaro gadar nan. Hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana ta, tare da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, a farkon 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca. Ogogoro ma ta ɓata sunanta: a 2015 mutane da dama suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan sun sha wadda ke da gubar metanol, wadda kan makantar kafin ta kashe.

Ɗan wani aminina da ke aiki a babban otal a Abuja ne ya ba ni labarin inda jin ta kai a duniya yanzu. A dokar Turai, kafin a kira abu jin sai ƙamshin 'ya'yan wata bishiya mai suna junifa ya rinjaya, ƙarfinta kuma ya kai kashi 37.5 cikin 100. Bayan wannan kowa na da 'yancin zuba ganyen da ya ga dama a tukunyar. Tun da wani ƙaramin kamfani, Sipsmith, ya kafa tukunyar jan ƙarfe a Landan a 2009, ƙananan masu dafawa suka yi ta ɓullowa, kowa na tinƙaho da tsirran garinsu, musamman na bakin teku. A tsibirin Harris na Sikotland mai nutso ke shiga ruwa ya yanko wata ciyawar teku da hannu. A tsibirin Islay, masu The Botanist na tsinko tsirrai 22 daga dajin tsibirin. A Stilbaai ta Afirka ta Kudu, Inverroche na amfani da ƙananan itatuwan da ke fitowa a tudun yashin gaɓa. Ya ce masu sha kan rufe ido su ce suna jin gishiri-gishiri da iskar teku da ɗanyen ganye. Kowace dahuwa da lambarta, wani lokaci da hannu ake rubutawa, in ta bana ta bambanta da ta bara sai a ce ai nan darajar take, a ƙara kuɗi. Na tuna irin zagin da Maman Biyu ke sha duk ranar da tukunyarta ta saɓa da ta makon jiya. A Legas ma wasu sun fara tace ogogoro da kyau suna zuba ta a kwalba mai tsada da sunan Pedro's, abin da aka ɗaure kakanninsu a kansa.

Da ya lissafo mini kayan da ke jikin kwalbar Bombay Sapphire, guda goma, sai ga wani daga Afirka ta Yamma da Turawa ke yi wa kirari da 'ya'yan aljanna. Ya nuna mini hotonsa. Citta ce mai 'ya'ya, wadda ke cikin gwangwanin kowace tsohuwa a Kakuri. A dazuzzukan kusa da teku take fitowa, har Turawa suka sa wa gaɓar Laberiya ta yau sunanta. Kafin jiragen Fotugal su zagayo a ƙarni na 15, ta Hamada ayari ke kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Mu kuma fataken goro ne suka riƙa kawo mana ita daga kurmi, tare da kimba da masoro, tun ba a san za a yi wani gari Kaduna ba. Kayan ƙamshin bakin tekunmu sun riga jin isowa Arewa da ɗaruruwan shekaru, sai dai mu a yajin mai jego muka zuba su, da kunu da fura da farfesu. Mai teburin kwalabe ta Maƙera da ke jiƙa su a ogogoro, da mai tukunyar jan ƙarfe na Ingila, ɗanɗano ɗaya suke nema: zafin nan mai ƙamshi da ke tsayawa a bayan harshe.

Ɗaya cittar, mai yatsu, tamu ce ta gida. Kachia da Jaba da Kagarko ne cibiyar nomanta a Najeriya, kuma masu saye a waje na son ta saboda zafinta da yawan manta. A tsage take fita, busasshiya, cikin buhuna, manyan motoci na bi da ita ta hanyar Kachia su ratsa Sabon Tasha. Wanda ya sarrafa ta a can shi ke rubuta sunan garinsu a kwalba. A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ƙanwata, wadda ta gaji bokitin kunun mahaifiyarmu, yanzu a bakin kasuwar Kakuri take zama tun da ba ƙofar masaƙa, ta rage citta ta ƙara barkono da kanumfari. Masu saye sun gane tun kurɓar farko, suka yi ta mita, ta ce wanda ke son na da ya ƙara naira hamsin.